Gwajin DNA na gano funfuna a masana'antar abin sha: bitar aikin wani ɗakin gwaje-gwaje

Daga cikin hidimomin da ɗakunan gwaje-gwaje masu zaman kansu suke tallata wa masana'antun abin sha a 'yan shekarun nan, da wuya a sami wadda ake kwarzantawa kamar gano nau'in funfuna ta hanyar karanta DNA ɗinta, wato sinadarin gado da yake cikin ƙwayoyin jikinta, kuma da wuya a sami wadda masu biyan kuɗin suka fi ƙarancin sanin abin da aka sayar musu kamar ita. Ina aiki a sashen kula da ingancin kaya na wata matsakaiciyar masana'anta a Kano, inda muke yin ruwan mangwaro da na abarba da kuma zoɓo a robobi, kuma mun yi hulɗa da ɗaya daga cikin irin waɗannan ɗakuna tun daga tsakiyar damina har sanyin hunturu ya ja baya. Na sakaya sunan ɗakin, domin abin da zan yaba da abin da zan kushe duka sun shafi yadda ake gudanar da wannan aiki ne a ko'ina. Abin da na gani shi ne kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, amma ga masana'antar da ta san tambayar da za ta yi kafin ta miƙa samfur, da kuma wadda za ta yi bayan an miƙo mata takardar sakamako.

Abin da ya kai mu gare su shi ne kayan da dillalai suka riƙa dawo mana da su. A cikin wasu robobin zoɓo ana ganin wani curi fari kamar audugar da ta jiƙe yana shawagi a ƙarƙashin murfi, kuma da zarar an buɗe sai wari irin na kananzir ya bugi hanci, har wasu dillalan suka yi zaton a mota ɗaya aka ɗauko kayan da jarkokin mai. A ruwan mangwaro kuwa matsalar ta sha bamban, domin babu wari, sai dai ruwan ya tsinke ya rabu biyu, kauri a ƙasa da tsararo a sama, da ɗan zare-zare a gindin roba. Duk wanda ya gani ya san funfuna ce, amma wannan sanin bai gaya mana ko daga 'ya'yan itacen ta fito, ko daga murfi, ko daga iskar ɗakin cikawa ba, kuma bai gaya mana ko tana da guba ba.

Hanyar da muka saba da ita a ƙaramin ɗakin gwajinmu ita ce a shuka funfunar a faranti mai ɗauke da abincinta, a ajiye a digiri 25 na ma'aunin Salshiyas har kwana bakwai, sannan a duba launinta ta sama da ta ƙasan faranti, a auna faɗinta, a ɗora ɗan yanki a ƙarƙashin madubin kambama ƙananan halittu a ga yadda ta jera ƙwayoyin irinta. Hanya ce mai kyau a hannun gwani, amma gwanayen wannan fanni ba su da yawa a ƙasar nan, kuma iyakar abin da akasarinmu muke iya cewa da tabbaci shi ne wannan daga dangin Aspergillus take, waccan daga dangin Penicillium. Ban da haka, funfunar da aka tsamo daga cikin ruwa sau da yawa takan ɗauki lokaci tana baza farin zare kawai ba tare da ta fitar da ƙwayoyin irin da ake gane ta da su ba, sai mutum ya wayi gari yana kallon farin faranti alhali kaya suna jibge a sito.

Abu na farko da ya burge ni da wannan ɗaki shi ne ba su yarda mu aika musu robobi kawai mu zauna jiran sakamako ba. Sun turo ma'aikaciyarsu, ta shiga ɗakin cikawa da takalman roba da hular gashi kamar kowa, ta durƙusa ta shafa auduga mai tsinke a ƙarƙashin bakin famfunan cikawa, da cikin kwararon da murafu suke gangarowa, da jikin bel ɗin da yake jan robobi, da bakin magudanar ruwan ƙasa. Na ga ta tsaya a kan abin da mu ba mu cika kulawa da shi ba, wato kwalayen da ake shimfiɗawa tsakanin jerin robobin da ba a cika ba, ta yanki gefen ɗaya da ya yi laushi saboda laimar damina ta sa a leda ta rubuta wuri da lokaci. Ta kuma ajiye buɗaɗɗun farantai a wurare daban-daban domin su kama abin da yake saukowa daga iska. Wannan sashe na aikin babu DNA a cikinsa ko kaɗan, amma shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya, kuma ɗakin da ya raina shi ba zai amfani masana'anta ba komai tsadar na'urorinsa.

Galibin sauran aikin a ɗakinsu ake yi, kuma sun bayyana mana shi ba tare da rufa-rufa ba. Kowace funfuna sai an ware ta a farantinta ita kaɗai, domin idan biyu suka cakuɗe karatun yakan fito a hargitse. Daga nan a kankaro ɗan zaren, a farfasa shi da ƙananan duwatsun gilashi saboda taurin bangon ƙwayar funfuna, a tace DNA, wanda ake karanta tsarinsa kamar jerin haruffa, sannan a ninninka wani ɗan guntu nasa ta hanyar da ake kira PCR, wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983 har ta sa aka ba shi kyautar Nobel a 1993. Guntun da ake nema shi ne wanda ake kira ITS, mai tsawon haruffa ɗari biyar zuwa ɗari shida a yawancin irin waɗannan funfuna, wanda masana suka amince da shi a 2012 a matsayin alamar tantance funfuna ta bai ɗaya. Ana karanta jerin haruffan da hanyar da Frederick Sanger ya fito da ita a 1977, sannan a kwatanta da jerin da aka tara a rumbunan intanet irin su GenBank na Amurka da UNITE da ake kula da shi daga Tartu a ƙasar Estoniya.

A kan zoɓo ne hidimar ta fi nuna amfaninta. Sunan da ya fito shi ne Paecilomyces variotii, kuma ɗakin bai tsaya ga rubuta sunan ba, ya ƙara bayanin da ya warware mana zancen warin nan. Muna sa sinadarin sobet a zoɓo domin hana shi lalacewa, kamar yadda masana'antu da yawa suke yi, ita kuwa wannan funfuna tana cikin waɗanda suke iya karya sobet su mai da shi wani sinadari mai suna 1,3-pentadiene, wanda shi ne mai warin kananzir. Tana kuma jin daɗin zafi fiye da yawancin 'yan uwanta, har tana iya girma a sama da digiri 40, wanda duk wanda ya san yadda shagon langa-langa yake ɗaukar zafi da rana a Kano ya san robobinmu suna kaiwa nan. Kafin sakamakon ya fito, shawarar da ta fi ƙarfi a wajen masu gudanarwa ita ce a ƙara yawan sobet, kuma da an bi ta da an ƙara wa funfunar abin da za ta sarrafa ne, ga kuma haɗarin wuce iyakar da doka ta yarda a zuba. An sami irin wannan funfuna a kwalayen nan masu laima da kuma kwararon murafu, saboda haka muka daina shigar da kwali ɗakin cikawa gaba ɗaya, muka ɗaga robobi daga ƙasa, muka sa wanke kwararon a cikin jadawalin kowace rana. Dawowar zoɓo ta ragu ƙwarai a makonnin da suka biyo baya.

Ruwan mangwaro ya fito da wani suna daban, Paecilomyces niveus, wanda tsofaffin littattafai suke kira Byssochlamys nivea. A nan ma dole in yaba musu, domin sun rubuta sunayen biyu a jere. Tun bayan babban taron masana tsirrai da aka yi a Melbourne ta Ostireliya a 2011, inda aka yanke cewa kowace funfuna suna ɗaya za ta riƙa amsawa, sunaye da dama sun sauya, kuma ma'aikacin da yake da littafin da aka buga kafin lokacin zai iya neman sabon sunan ya rasa, ya ɗauka baƙuwar halitta ce. Alhali kuwa dangin Byssochlamys tsofaffin abokan gaba ne ga masu sarrafa 'ya'yan itace, tun a shekarun 1930 aka gano su suna lalata 'ya'yan itacen gwangwani a Ingila. Suna zaune a cikin ƙasa, suna hawa jikin 'ya'yan itacen da suka faɗo ko aka zube a ƙasa, kuma suna yin wani irin ƙwayar iri mai kaurin ɓawo da take jure zafin digiri 85 na mintoci, har ma zafin dafawar yakan zama shi ne yake tashe ta daga barci. Suna iya girma inda iska ta yi ƙaranci, kamar cikin rufaffiyar roba, suna kuma fitar da sinadarin da yake narkar da abin da yake riƙe kaurin ruwan 'ya'yan itace, wanda shi ne dalilin tsinkewar da muka gani.

Sanin wannan ya mai da hankalinmu daga ɗakin cikawa zuwa wurin karɓar mangwaro da wanke shi, ya kuma hana mu ɓata lokaci muna feshin iska a kan matsalar da take shigowa ta cikin bututu. Ya kuma ɗora mana wani nauyi, domin wannan nau'i yana cikin masu iya fitar da gubar da ake kira patulin, wadda hukumar Codex mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya ta ƙayyade kada ta wuce maikirogiram 50 a kowane kilo na ruwan tuffa. A wannan gaɓa ɗakin ya faɗi gaskiya cewa gano funfuna mai iya yin guba daban, auna gubar a cikin ruwa daban, kuma su ba su da na'urar auna ta. Mun riƙe rukunin kayan da abin ya shafa muka lalata su. Na fi son a gaya mini iyakar abin da gwaji zai iya tabbatarwa da a ba ni takarda mai hatimi wadda ba za ta tsaya ba ranar da jami'an NAFDAC suka tambayi hujja.

Inda hidimar ta gaza shi ne a kan wata baƙar funfuna da aka samo a sito da kuma kusa da tankin sukari. Takardar ta ce Aspergillus niger ce, da kamanni kashi 99 cikin ɗari, babu wani ƙarin bayani. Wannan adadi yana da kwarjini a idon manaja, amma a dangin Aspergillus da Penicillium ba ya nufin abin da ake zato. Guntun ITS a waɗannan dangogi kamar tsagar gado yake a fuska, yana nuna gidan da mutum ya fito amma ba ya bambanta wa da ƙani. Misalin da aka fi sani shi ne Aspergillus flavus mai fitar da gubar aflatoksin a gyaɗa da masara, da Aspergillus oryzae da mutanen Japan suka daɗe suna sarrafa waken soya da shinkafa da ita, waɗanda ITS ba ya raba su. Baƙaƙen Aspergillus ma haka suke, nau'o'i ne da yawa masu kama da juna, wasu suna iya fitar da guba irin okratoksin, wasu ba a san su da ita ba. Shi ya sa masana wannan fanni, musamman na cibiyar Westerdijk da take Utrecht a ƙasar Holan, suke ba da shawarar a ƙara karanta guntu na biyu, na kalmodulin ga Aspergillus da na beta-tubulin ga Penicillium, kamar yadda ake karanta wanda ake kira TEF1 ga dangin Fusarium.

Da na tambaye su me ya sa ba a yi wannan ba, amsar ita ce ba ya cikin farashin da muka biya, sai an ƙara kuɗi an kuma sake jira. Ban ƙi ƙarin kuɗi ba, domin aiki ne na biyu da yake cin kayan aiki, amma kamata ya yi takardar farko ta ce funfunar daga rukunin baƙaƙen Aspergillus take, ana buƙatar ƙarin gwaji kafin a ambaci nau'i. Da aka karanta kalmodulin sai sunan ya koma Aspergillus tubingensis. Na kuma lura cewa a karon farko sun ɗauki sunan da ya zo a saman jerin GenBank ne kawai, alhali kowa yana iya zuba bayani a wannan rumbu, kuma wani nazari da aka wallafa a 2006 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 20 cikin ɗari na jerin funfuna da suke irin waɗannan rumbuna suna iya kasancewa da sunan da ba nasu ba. Akwai sashe na musamman da aka tace, wanda ya ƙunshi jerin da aka karanta daga ainihin samfurin da aka raɗa wa nau'in suna da shi, kuma da shi ya kamata a kwatanta. Sun karɓi wannan gyara da mutunci, kuma takardun da suka biyo baya sun riƙa nuna lambar jerin da aka kwatanta da shi.

Akwai wani abu kuma da takardar ba ta faɗa ba, wanda na ga yana iya ruɗar mai karatu. Samun suna ɗaya a cikin roba da kuma jikin kwali ba hujja ce yankakkiya ba cewa daga kwalin ta shiga robar, domin nau'i ɗaya yana iya shigowa ta ƙofofi da yawa, kuma ITS ba ya bambanta zuriya da zuriya a cikin nau'i guda. Abin da ya ƙarfafa mana zato a kan kwali shi ne raguwar matsalar bayan an cire shi. Ɗakin da yake son amfanar abokan hulɗarsa ya kamata ya rubuta wannan a fili, musamman da yake irin wannan takarda ce wasu suke ɗauka su je su tuhumi mai kawo musu murafu ko sukari.

Da hunturu ya shigo sun tallata mana wata hidima mai tsada fiye da ta farko, wadda ake karanta duk DNA ɗin da yake jikin audugar shafa a lokaci guda ba tare da an shuka komai ba. Mun gwada ta a ɗakin cikawa, aka ba mu dogon jerin sunaye, Cladosporium ce a sama, wadda dama tana cikin funfunar da ta fi yawa a iskar waje a duniya, balle a lokacin da ƙura take shiga ta kowace kafa. Matsalar ita ce wannan hanya ba ta bambanta mai rai da matacciya, saboda haka wurin da aka gama wankewa da sinadari yana iya nuna sunayen funfunar da sinadarin ya riga ya kashe. Ta nuna mana cewa matatar iskarmu tana buƙatar sauyi da wuri a wannan lokaci na shekara, amma buɗaɗɗen faranti mai araha ya nuna hakan shi ma. Ban ga dalilin da matsakaiciyar masana'anta za ta mai da ita aikin yau da kullum ba.

Game da lokaci, tallarsu tana cewa sakamako yana fitowa cikin 'yan kwanaki, kuma gaskiya ne idan aka fara ƙirga daga ranar da tsarkakken faranti ya samu. Amma shukawa da warewa suna cin kwanakinsu, kuma karatun ƙarshe ba a ɗakin ake yi ba, ana aika guntun da aka ninka zuwa wani wuri a wajen jihar, saboda haka duk wani jinkirin masu kai saƙo yana hawa kanmu. Wanda yake neman funfuna mai jure zafi kuwa sai ya ƙara haƙuri, domin gwajinta yana buƙatar a dafa samfurin a digiri 75 zuwa 80 na rabin sa'a, sannan a ajiye farantan har zuwa kwana 30 kafin a ce babu komai, kuma DNA ba ya gajarta wannan jira. Bai kamata a dogara da wannan hidima wajen yanke ko za a saki kayan yau ba. Farashinta a kan kowace funfuna ɗaya ake yanka shi, don haka ya fi kyau a fara tantance farantai da ido, a haɗa masu kama da juna, a aika wakili ɗaya ko biyu daga kowane rukuni tare da duk wadda aka tsamo daga cikin kayan da suka lalace.

Mun sabunta yarjejeniya da su, amma da sharuɗɗan da muka rubuta a takarda. Za su riƙa ba mu ainihin jerin haruffan da suka karanta tare da hoton karatun, domin mu iya kwatantawa da kanmu ko mu nuna wa wani masani. Duk funfunar da ta faɗo a dangin Aspergillus, Penicillium ko Fusarium za a wuce da ita zuwa guntu na biyu kai tsaye a farashin da aka amince tun farko. Za su kuma adana mana kowace funfuna da aka tsamo daga kayanmu a cikin sanyi da lambarta, ta yadda idan matsala ta sake ɓullowa a damina mai zuwa za a sami abin da za a kwatanta sabuwar da shi. Sharaɗin adanawar ne suka fi jan ƙafa a kansa saboda tsadar riƙe firiji a kunne dare da rana, har sai da muka amince za mu ɗauki wani kaso na kuɗin man janareta.